Darar Mutum Ɗaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dara wasa ce ta mutum biyu, ban da 'yan kallo, waɗanda sau da yawa sukan fi masu wasan zaƙewa. Akan haƙa gurbi talatin a ƙasa, jeri biyar, kowane jeri gurbi shida. Wannan ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu na kara, wancan ya riƙe goma sha biyu na tsakuwa, su yi ta dasawa bi da bi har hannu ya ƙare, sa'an nan a shiga turi. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Ba a jera uku tun ana dasawa, wanda ya jera huɗu kuwa bai ci kome ba. Iyakar dokar ke nan, amma a kanta dattawa kan share yini a gindin bishiya, domin rabin daɗin dara yana wajen abokin karawa, watau gatsensa, da habaicinsa, da yadda fuskarsa kan sauya in ya ga an kafa masa doki. Saboda haka in aka ga mutum ya zauna gaban gurabu shi kaɗai, yau da gobe har shekara biyu, yana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, to lalle mutanen gari su yi tambaya. Abin da ya auku ke nan a Kwandiko.

Kwandiko gari ne a ƙasar Gwaram, can kudancin Jihar Jigawa, wadda aka yanke daga Jihar Kano a 1991. Wanda ya taso daga Kano ta hanyar Wudil, in ya kai Birnin Kudu zai ga ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu suna ɗagowa nan da can, har su je su haɗu da manyan duwatsun Ningi. Mutanen yankin manoma ne na gero da dawa da gyaɗa da riɗi, suna kuwa cin kasuwar Sara. A cikin ƙarni na 19 nan ne bakin iyakar ƙasar Kano. Tun bayan da Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajejen 1846 ya shiga duwatsu da jama'arsa, Ningawa suka yi kusan shekara hamsin suna kawo hari wannan nahiya, suna kwasar mutane da dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ƙarar da shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da su. Zuwan Turawa ya kawo ƙarshen harin, amma tsoron dutse da dare bai fita daga hirar tsofaffi ba.

A wannan gari akwai wani dattijo, manomi, wanda ya haura shekara saba'in da biyar. Ba za a faɗi sunansa ba, domin yana da rai, bai kuwa nemi a san shi ba. Yana da amini, maƙeri, wanda suka yi shekara fiye da arba'in suna dara a ƙofar zaurensa tsakanin La'asar da Magariba. Shi dattijon da tsakuwa yake wasa. Maƙerin kuwa ya raina karan dawa, sai ya fiƙe 'yan sanduna na geza, ya riƙa yawo da su a wata 'yar jaka, har hannu ya goge su suka yi sheƙi. A duk tsawon shekarun nan zargi ɗaya dattijon yake yi wa amininsa, cewa yana da ɗa na goma sha uku a ɓoye, wanda yakan saka cikin gurbi in an juya ana amsa sallama. Maƙeri kuwa kullum sai ya yi dariya ya ce mai tsakuwa bai iya ƙirga ba.

Cikin azumin 2020, shekarar annobar nan da tsofaffi da yawa suka tafi, maƙeri ya kwanta kwana uku, Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in iyalinsa suka aiko wa dattijon da 'yar jakar, suka ce shi ya fi cancanta da ita. Ya zazzage a kan buzu ya ƙirga. Goma sha uku. Waɗanda ke wurin sun ce ya yi ta dariya har hawaye suka zubo masa, daga nan kuma ba a iya rarrabe dariyar da kukan ba.

An yi ƙoƙarin sama masa wani abokin wasa. Samarin unguwa suka zo, amma suna jin nauyinsa, ba mai iya ce masa ya ji kunya in an ci shi, wasu ma da gangan suke sakar masa. Sau biyu ya gwada, ya ce ya gode. Gurabun suka cike da ƙasa har damina ta wuce. Da kaka ta yi sai aka ga ya sake haƙa su, wannan karon a cikin zaure.

Jikansa, wanda ke karatu a sashen Hausa na wata jami'a, ya dawo gida a watan Fabrairu na 2022, sa'ad da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan da ya ci wata takwas. Ya zo da niyyar mako biyu. Da zama ya yi tsawo, littattafan da ya zo da su suka ƙare, sai ya fara raɓar zauren kakan nasa. Ran nan ya tarar da shi ya sunkuya kan gurabu, ya ce, "Tsoho, wa ke cinka yau, kai ko aljanin?"

Dattijo bai ɗago ba, ya ce, "Ɗan boko, in ka zo kallo zauna, in ka zo neman matata tana ciki, ta ce ba ta son miji marar gona."

Ya zauna. Abin da ya gani ya ɗauke shi kwanaki kafin ya gane kansa, domin tsohon ba ya bayani, sai dai a kalla. Gurabun na dara ne, talatin cif, amma an mai da su hanya. Gurbi na fari ƙofar gari ne, a bi jeri har ƙarshe, a juyo ta jeri na biyu, haka hanya take lanƙwasa kamar maciji har gurbi na talatin. Jerin farko gonaki ne. Na biyu daji. Na uku kogi da fadamarsa. Na huɗu duwatsu. Na biyar ba ya kiran sunansa, sai ya ce "can". Matafiyi ɗaya ne tal, ƙwallon dabino. 'Yan sandunan maƙeri goma sha biyu suna jere a gefe, su ne guzuri. Na goma sha uku kuwa yana kwance a gurbi na talatin, wanda shi ne kogo. Abin da ake so, matafiyi ya je kogo ya ɗauko sandan nan, ya komo da shi ƙofar gari kafin guzuri ya ƙare.

Tsakuwoyinsa na da ya ajiye su, ya sami tsingaro goma sha biyu, ya yi wa kowanne alama da ƙusa a cikinsa. Guda ɗaya, mafi girma, Dodo ne, shi ba a ɓoye shi, kullum yana gurbi na 29 a bakin kogo. Sauran sha ɗayan sai ya zuba a hula ya girgiza, ya kau da kai, ya kikkifa su kan gurabun da hannu ya faɗa. Shi kansa bai san abin da ke ƙarƙashin kowanne ba sai matafiyi ya sauka a kai. Takwas mugaye ne, cikinsu akwai kura da mesa da maye da fatalwa da Doguwa, da kuma wanda ya sa wa suna mahara. Uku na alheri ne: rijiya, da maharbi, da tsohuwa.

Tafiya da wuri huɗu ake yin ta. A watsa, adadin da ya faɗi rigingine shi ne takun matafiyi. In duka huɗun suka kife, to dare ya yi masa a inda yake, bai gusa ba, ya kuma ci sanda ɗaya na guzuri. Ƙetarawa daga jeri zuwa jeri ma sanda ɗaya ne. In ya sauka kan mugun tsingaro yana da zaɓi uku. Ko ya gudu baya gurbi uku, ko ya ba da sanda ɗaya a bar shi ya wuce, ko ya tsaya a gwabza. Gwabzawa ita ce a sake watsa wuri: uku ko huɗu suka yi rigingine ya yi nasara, a ɗauke tsingaron daga hanya, in ba haka ba ya yi hasarar sanda biyu. Da fatalwa da Doguwa ba a faɗa da su, sai gudu ko biya. Dodo kuwa ba ya karɓar biya, ba a kuma kewaye shi. Rijiya takan mayar da sanda biyu. Maharbi yakan kashe dabba ta farko da aka tarar a gaba. Tsohuwa ita ce ta cikin tatsuniya, wadda kan roƙi mai wucewa ya cuɗa mata baya: wanda ya ba ta sanda ɗaya za ta ba shi laya, mai layar nan kuwa rigingine biyu sun ishe shi ka da Dodo. Akwai kuma wata doka wadda ɗalibin ya fi jinjina wa, ita ce duk abin da matafiyi ya biya ko ya guje wa a tafiya yana nan a gurbinsa, yana jiransa a komowa, lokacin da guzuri ya riga ya yi ƙasa.

Ba shiru ake wasan ba. Kowane taku tsohon yana ba da labarinsa, da muryar da yake yi wa jikoki tatsuniya a da. In matafiyi ya shiga jeri na uku sai a ji ruwa ya kawo, kwale-kwale yana wancan ƙetare. In tsingaron mahara ya buɗu sai murya ta sauya, ya ambaci ƙanwar kakansa da aka sace tana 'yar yarinya a bakin gona, aka shiga da ita duwatsu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Kogon kuma yana da shanu a jikin bangonsa, jajaye, masu dogayen ƙahoni, marasa tozo. Waɗannan ba ƙirƙira ya yi ba. Yana saurayi ya taɓa zuwa Birnin Kudu, aka kai shi Dutsen Habude ya ga zanen shanun nan na mutanen da, wanda ma'aikatan kayan tarihi suka fara rubuta labarinsa a shekarun 1950, lokacin da Bernard Fagg na gidan tarihi na Jos ya bayyana wa duniya duwatsun wurin masu amo kamar kuge in an buga su. Shi dai abin da ya tsaya masa a rai tun ran nan shi ne, wane irin makiyayi ne ke da shanu ba tozo, ina kuma ya tafi da su.

Ɗalibin Hausa ba zai kalli wannan bai tuna da aji ba. Tafiya daga gida zuwa wata duniya don a ɗauko wani abu a komo, ita ce ƙashin bayan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, akwai ta kuma cikin Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, balle tatsuniyoyin Auta da Dodo. Tsohon ya ji an karanta Ruwan Bagaja a ajin yaƙi da jahilci, bai musa ba. Amma akwai bambanci babba, wanda sai da ɗalibin ya yi wata guda yana kallo ya lura da shi. Mai tatsuniya ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya ce ga ta nan, masu sauraro ma sun san Auta ba zai mutu a cikin Dodo ba. Marubuci kuma shi ke da wuƙa da nama a kan jaruminsa. Shi wannan dattijo ya ƙera wa kansa tatsuniyar da shi mai ba da ita bai san inda za ta ƙare ba. Wuri da tsingaro sun karɓi aikin da maƙeri ke yi a da, watau su zo masa da abin da bai zata ba, su kuma ƙi jin nauyinsa.

Ba sa jin nauyin nasa kuwa ko kaɗan. A bangon zaure akwai zane-zanen gawayi, kowane layi tafiya guda ce da matafiyi ya mutu a hanya. Ya sha kaiwa kogo, ya sha ɗauko sandan, amma tun da ya fara bai taɓa komowa da shi gida ba. Ɗalibin ya zauna da biro ya yi lissafi. Wuri huɗu suna da hanya 16 ta faɗuwa, cikinsu 5 kaɗai ke ba da rigingine uku ko huɗu, in an ɗauka wuri ba ya son kai, alhali kuwa yana yi. Ƙetaren jeri, zuwa da komowa, yana cin sanda 8 cikin 12 tun ba a gamu da ko kura ba. Ya kawo wa kakan shawara a rage kuɗin ƙetare, ko a ƙara rijiya. Tsoho ya dube shi ya ce, "Kai ka taɓa jin an komo daga can da sauƙi?" Bai sake kawo maganar ba.

Da abin ya tsaya a zaure da ba a ji kansa ba. Amma zauren ƙauye ba shi da sirri, ga shi kuwa tsohon yakan kunna fitila bayan Lisha ya ci gaba in barci ya ƙi zuwa. Mai wucewa zai ga dattijo shi kaɗai da dare, ga ramuka a ƙasa, ga wuri, ga tsingaro mai alamu, yana ambaton Doguwa. Ba a bukatar mugun nufi kafin a fassara wannan. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Wasu suka ce maƙerin ne ke zuwa. Bayan ƙaramar Salla sai ga wata mata daga wani ƙauye ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye 'yan kuɗi a bakin buzu, ta ce ɗanta ya tafi ci-rani Legas shekara uku ba labari, a taimaka a duba mata. Dattijo ya ce mata shi bai san gaibu ba, ko abin da ke ƙarƙashin tsingaron da ya kife da hannunsa bai sani ba. Ya mayar mata da kuɗinta, ya yi mata addu'a, ta tafi tana share hawaye. Ran nan bai yi wasa ba. Amma labarin da ya isa kasuwa shi ne an ga mace ta shiga wurinsa da kuɗi.

Babban ɗansa, watau mahaifin ɗalibin, ɗan kasuwa ne mai gudun abin kunya, ga shi kuma ana maganar auren 'yarsa, dangin manemin sun fara jan ƙafa. Ya zo ya tsuguna ya ce, "Baba, don girman Allah a rufe ramukan nan. Mu mun san wasa ne, amma mutane ba su sani ba. Yarinyar nan ba ta yi laifin kome ba." Ba za a ce bai yi gaskiya ba. Aure a ƙauye da sunan gida ake yin sa, gidan da aka laƙaba wa duba ko maita kuwa yakan yi shekaru bai wanke ba.

Ɗalibin ya ga lokacin nuna amfanin boko ya yi. Ya hau intanet da wayarsa ya tara hujjoji. Ya gano cewa a Turai da Amurka irin wannan wasa sana'a ce mai kamfanoni. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a 1974, inda 'yan wasa ke shiga kogunan dodanni da 'ya'yan ludo da takarda, aka yi ta neman yadda mutum ɗaya zai yi irinsa ba tare da abokai ba. A 1981 aka fito da Barbarian Prince, wasan allo na mutum ɗaya, mai taswira da guzuri da 'yan fashi a hanya. A 1982 Steve Jackson da Ian Livingstone suka buga The Warlock of Firetop Mountain a Ingila, littafin da mai karatu ke zaɓar hanya da kansa, ya jefa ɗan ludo, ya mutu ko ya tsira. Gloomhaven na Isaac Childres, wanda ya fito a 2017, akwatinsa ya kusa kilo goma, mutum ɗaya kuma yana iya yin sa. Dabarar duka ɗaya ce da ta tsohon Kwandiko: a ɓoye abokan gaba, a bar sa'a ta yi hukunci, a ƙuntata guzuri. Ya karanta wa mahaifinsa duk wannan. Mahaifin ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Turawa ai giya ma suna sha." Nan hujjar ta mutu.

Akwai abu ɗaya da ya gano wanda bai karanta wa kowa ba. Misirawan da suna da wasa mai suna senet, gidajensa talatin ne, daidai da na dara, sai dai jeri uku ne na goma-goma. Daga baya suka ɗauki wasan a matsayin misalin tafiyar mamaci a lahira. A kabarin Nefertari, matar Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda aka buɗe a 1904, akwai zanenta fiye da shekara 3,000 da suka wuce, tana zaune gaban allon senet ta miƙa hannu, ɗaya gefen kuwa ba kowa. Ɗalibin ya daɗe yana kallon hoton nan a waya. Ya san ambaton Fir'auna a wannan shari'a ba zai taimaki kakansa ba.

Aka kai magana gaban liman. Ya zo da kansa bayan La'asar, ya ce a yi wasan a gabansa daga fari har ƙarshe. Aka yi, matafiyi ya mutu a duwatsu, mesa ta gama da shi. Liman ya yi tambaya uku: ana sa kuɗi? Ana faɗa wa wani abin da zai same shi gobe? Ya taɓa hana salla a kan lokaci? Aka ce a'a. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce Risala ta hana wasan nardi da shaɗaranji, malamai kuma sun ƙi duk wasan da aka gina kan jefa ƙuri'a, saboda haka shi ba zai ce wannan abin yabo ne ba. Amma duba ba haka take ba, shi shaida ne, zai kuma faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Ya juya ga dattijo ya ce, "Baba, wurin nan shi ne fitinar. Da shi ake caca, da shi 'yan bori ke ado. A raba shi da zauren nan. Daren nan kuma a bar wa barci."

Dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji, na kuwa karɓa."

A nan ma ɗalibin ya haɗiye wata magana. Hanya 16 da wuri huɗu ke faɗuwa daidai take da gidaje 16 na bugun ƙasa, domin kowane gida a hatti layi huɗu ne, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu. Lissafin ɗaya ne, abin da ake nema da shi ne ya bambanta: mai duba yana tambayar ƙasa labarin mutane, tsohon kuwa labarin ƙwallon dabino yake tambaya. Wannan magana ta yi kyau a takardar jarrabawa. A zauren nan kuwa da ya faɗe ta da ya rushe abin da liman ya gina.

Kashegari tsohon ya ba jikokinsa mata wurin su yi wasa, ya sami karan dawa ya yanka guntaye biyu, ya tsaga kowanne gida biyu, ya sami ɓari huɗu masu ciki da baya. Liman ya wuce ya gani, ya san sarai abin da aka yi, ya yi sallama ya tambayi lafiyar iyali ya tafi masallaci. Ɗalibin kaɗai ya san cewa Misirawa ma da 'yan sanduna huɗu masu fuska biyu suke jefa senet. Mahaifinsa bai gamsu ba, har yau kuwa ba ya zama a zauren in an buɗe gurabu. Auren dai an ɗaura shi bayan babbar Salla, ko da yake wata gwaggon ango ba ta zo ba.

Da damina ta sauka aikin gona ya rage wasan, ɗalibin kuma ya fara tunanin ko wannan zai yi kundin digiri. Ya san tambayar da za a yi masa a sashe, tambaya ce kuwa mai ƙarfi: abin da mutum ɗaya ya ƙago, shi kaɗai yake yi, bai gada ba, bai kuma koya wa kowa ba, ya shiga cikin wasannin gargajiya? Rabe-raben da ake koyarwa sun san wasannin yara maza da na 'yan mata, da na dandali, da na manya irin su dara da dambe da kokawa, dukansu kuwa na taro ne. Ba a tanadi gurbi ga mai wasa shi kaɗai ba, watakila domin Bahaushe bai saba ɗaukar kaɗaici abin kirki ba, wanda ya cika keɓewa akan ce da abin da ke damunsa. Sai dai in aka warware wasan nan zare-zare, ba a samun ko ɗaya baƙo. Gurabun na dara ne, tsohuwa da Dodo na tatsuniya ne, Doguwa ta bori ce, mahara na tarihin Gwaram da Ningi ne, shanun na Birnin Kudu ne. Ɗinkin kaɗai ne nasa. Ita darar ma ai wani ne ya fara haƙa gurbinta, ba a dai riƙe sunansa ba. Yaro makiyayi da ke gina shanun laka yana yi musu magana, da tsohuwar da ke kaɗi tana hira da mazari, sun daɗe suna irin wannan, masu nazari ne ba su tsaya a kansu ba, saboda mai rikoda wurin taro yake nufa.

Aka janye yajin aiki a tsakiyar Oktoba, ana cikin girbi. Ana jibi ɗalibin zai koma, ya shiga zaure bayan La'asar ya tarar matafiyi ya riga ya fito daga kogo. Ran nan ya gamu da tsohuwa tun a gonaki ya ba ta, ya sha rijiya a daji, ya ka da kura da mahara da ƙarfinsa, layar ta yi masa aiki a bakin kogo jifa ɗaya. A komowa Doguwa tana nan a fadama inda ya biya ta, ya sake biya. Ya ƙetare zuwa gonaki da sanda ɗaya a hannu, saura gurbi biyar. Ya jefa, biyu. Ya jefa, ɗaya. Muryar labari ta ɗauke, ba a jin kome sai ƙarar karan a ƙasa. Ya jefa, duka huɗun suka kife, dare ya yi wa matafiyi yana hangen ƙofar gari, sandan ƙarshe ya tafi. Bisa doka, in dare ya sake yi ba guzuri, shi ke nan. Ya tattara karan, ya riƙe su a tafi ya daɗe, ya watsa. Biyu.

Ya ɗauki ƙwallon dabino ya sa a gurbi na fari. Ya ɗauki sanda na goma sha uku ya jujjuya shi, ya ɗaga shi wajen da maƙeri kan zauna a da, kamar mai nuna wa alƙali shaida. Bai ce kome ba. Ladan ya kira Magariba, ya sa sandan a aljihu, ya ɗauki buta.

Da safe ɗalibin ya zo sallama, ya tarar an share zaure, an kikkifa tsingaro, sandan yana kwance a gurbi na talatin. Ya ce, "Tsoho, ba ka riga ka kawo shi gida ba?"

Dattijo ya ce, "Na kawo. Ya ce ban iya ƙirga ba, wai a sake."